Na Ƙirga Sha Biyu, Ƙasa Ba Ta Tsaya Ba

Ranar Talata ce. Kogin Komadugu ya cika har ya taɓa saiwar tsamiyar mashigi. Ƙarfe shida da rabi na tayar da injin ban-ruwa, na shiga lambun tattasai ba takalmi, ina buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Daga gida ina jin dakan matata Falmata. Inna, mahaifiyata, tana zaune bakin ƙofa a kan tabarma tana jiran hantsi. Shekara huɗu ke nan ƙafafunta ba su ɗauke ta ba.

A ƙauyenmu, gabas da Diffa, Injiniya ake ce mini. Ban taɓa zama ajin lakwal ba, wato makarantar boko. Inna ce ta laƙaba mini sunan don tsiya, ni kuwa na karɓe shi hannu bibbiyu. Rani biyu na yi ina leburanci wurin masu neman man fetur, can arewa cikin rairayi. Aikina dasa kunnuwa. Wasu ƙananan ƙarafa ne masu tsini, a soka su a ƙasa a jere, waya ta haɗa su da motar shef, shugaban aikin. Sai a fasa nakiya cikin rami, ko wata ƙatuwar mota ta dafa ƙasa da faranti ta girgiza ta. Kunnuwan su ji, inji ya zana a takarda.

Abu biyu na koyo a can, na kuma ishi mutane da su a majalisa. Na ɗaya, bugu yana riga zuwa ta ƙasa, ƙara ta biyo baya ta iska. In ka ƙirga tsakaninsu, kowane uku kilomita guda ne. Na biyu, motar girgiza ƙirga sha biyu take yi, ta tsaya, ta matsa gaba. Na dawo gida da wannan ilimi da agogon hannu, kaina ya fi rawanin Bulama girma.

Shekarun nan ba a zaune lafiya. Masu bindiga suna fitowa daga gabas su kwashe dabbobi. Bulama, mai garinmu, ya kafa doka: in an ji ƙara daga gabas, ba tambaya, tsofaffi da mata da yara su yi mashigi, Kyari mai fito ya tsallakar da su hayin Nijeriya. Kwalekwale ɗaya gare mu. Sau uku aka yi wannan gudu a banza. Sau ukun ni na goya Inna na kai, ni na goyo ta na dawo, ruwa ya ƙwace mini a lambu. Abin ya kai mini iya wuya.

Ƙarfe bakwai da minti goma na kashe inji zan ƙara mai. Sai laka ta motsa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Bugu ɗaya, mara ƙarfi. Bakina ya fara ƙirga da kansa. A kan shida ƙarar ta iso, dum, daga gabas. Kilomita biyu. Bayan minti uku aka sake. Shida kuma. Wuri ɗaya, tazara ɗaya. Na ce nakiyar bincike ce. Dama ana ta raɗe-raɗin masu man za su gangaro kudu. Wallahi daɗi na ji. Har na hango kaina da hular aiki.

Kafin in isa mashigi gari ya tashi. Wata tsohuwa tana ihun girgizar ƙasa. Mata da ƙunshi a ka, yara suna kuka. Falmata da maƙwabciyarmu sun ciccibo Inna, har sun zaunar da ita tsakiyar kwalekwale. Kyari ya kafa gorarsa zai tura.

Na shiga ruwa har gwiwa na riƙe bakin jirgin. Na ɗaga murya. Na ce ƙasar nan ba ta girgiza da kanta. Na ce bindiga ba ta jiran minti uku daidai. Na nuna agogo. Na ce aiki ne ya zo mana har gida muke guje masa. Na yi musu dariya, wasu suka taya ni. Bulama ya dube ni ya dubi gabas, bai hana kowa sauka ba.

Mutum bakwai suka sauko. Falmata ta ƙi. Ta rungume 'ya'yanmu biyu ta kau da kai. Na tsuguna, na juya wa Inna baya. Ta daɗe tana kallon hayi. Sannan ta saƙalo hannuwanta a wuyana.

"To, Injiniya. Kai ka sani."

Kyari ya tura jirgi da sauran. Ƙarfe bakwai da rabi na sauke Inna a kan tabarmarta.

Ƙarfe takwas saura kwata ƙasa ta fara rawa. Wannan karon ba bugu ba ne, kaɗawa ce mai ɗorewa. Ruwan ƙwaryar da ke gefen Inna ya yi ta zobe-zobe. Na nuna mata da yatsa. Na ce ga motar girgiza nan, ta saurara, a sha biyu za ta tsaya. Na ƙirga da ƙarfi don maƙwabta su ji. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu.

Ba ta tsaya ba.

Sha biyar. Ashirin. Ƙwaryar ta fara tafiya da kanta a kan ƙasa. A ashirin da biyar na ji kukan shanu. A talatin na ji bindiga, ba tazara tsakanin harbi da harbi. Na daina ƙirga.

Shanu ne. Garken Fulanin da ke mashaya gabas da mu, da na ƙauyuka biyu, an haɗe su ana korowa a guje. Hanya mafi kusa zuwa arewa ta tsakiyar garinmu ta bi. Bugu biyun da na ji roka ce, an harbi motar sojoji da ke tsaron mashayar. Wannan daga baya na sani.

Suka shigo ta layin masallaci. Dannin zana ya kwanta. Rumbun gero ya kife. Na ga ƙaho ya ɗaga wani maƙwabcina, Usman tela, ya yar, kofatai suka rufe shi. Yana cikin bakwai ɗin da suka sauko. Bayan shanun ga mutane a kan raƙuma, fuska a naɗe, da wata buɗaɗɗiyar mota da bindiga a bayanta.

"Ku kwanta! Ku kwanta!" wani ya yi ihu.

Wanda ya kwanta shanu suka taka shi. Wanda ya tashi aka harbe shi. Bulama ya fito ƙofar gidansa ya ɗaga hannu biyu. Harbi uku. Ya zauna jingine da bango, rawaninsa ya warware.

Na ja Inna cikin ɗaki. Na fizgo zanen gado, na goya ta, na ɗaure a ƙirji tamau yadda mata ke goyon jariri. Ba ta da nauyi. Na fasa zanar baya da kafaɗa, muka fita ta bayan gida.

Ƙarfe takwas daidai muna mashigi. Kwalekwale yana hayi. Na hango Falmata tsaye a bakin ruwa, hannu a ka. Kyari ya turo jirgi zai dawo ya ɗauke mu. Ya kai tsakiya. Harsashi ya fara tsinke ruwa a gabansa. Wani daga hayi ya yi ihu.

"Koma! Kyari, koma!"

Ya koma. Ban ga laifinsa ba. Ni kaɗai zan iya iyo. Da Inna a baya ba zan iya ba.

Na juya yamma, wajen Diffa. Na bi cikin lambuna, ina sunkuye a hanyar ruwa. Tattasai bai kai ƙugu ba, ba ya ɓoye mutum. Ƙarfe takwas da minti biyar aka yi harbi a bayanmu, kusa. Reshen wata goruba ya faɗo a gabana. Inna ta zabura sau ɗaya, ta matse wuyana. Na tambaye ta ko lafiya.

"Yi ta tafiya," ta ce.

Na yi ta tafiya. Na wuce lambun tattasaina, injin yana nan da galan a buɗe. Na wuce lambun Usman. Na faɗa rami na tashi. Ƙaya ta shiga ƙafata, ban tsaya cirewa ba. Bayana ya jiƙe sharkaf. Na ce gumi ne da ruwan kogi.

Ƙarfe tara saura kwata harbi ya yi nisa. Na tsaya bayan wani kurmin goruba, na dafa ƙasa da tafin hannu. Rawar ta ragu, ta karkata arewa. Na gaya wa Inna sun tafi. Ta yi wani ɗan sauti a kunnena. Ban gane ko magana ce ba.

Ban sauke ta ba. Ina tsoron in na kwance zanen ba zan iya sake ɗaurawa ba. Kuma ina jin kunyar haɗa ido da ita. Wannan ita ce gaskiya.

Ƙarfe tara da rabi muka haɗu da wasu masu gudu daga ƙauyen gaba. Wata mata ta dubi bayana, ta buɗe baki, ta rufe. Na ɗauka tausayin goyon tsohuwa ne. Ba wanda ya tsaya wa wani.

Daga nan na fara yi wa Inna magana. Na ce ta yafe mini. Na ce da na bar ta a jirgi da yanzu tana hayi tana shan kunu. Na ce daga yau kowa ya sake ce mini Injiniya sai mun ɓata. Ba ta amsa ba. Inna in ta yi fushi ba ta faɗa, shiru take yi, ta kan yini uku ba ta tanka wa mutum ba. Na san halinta. Na ce ta yi fushinta, ta isa. Kanta yana kan kafaɗata, yana bugawa a hankali da kowane taku.

Rana ta take. Ƙarfe sha ɗaya na sha ruwa a wani kududdufi, a durƙushe. Na ɗebo a tafi na miƙa ta kan kafaɗa. Ruwan ya zube a wuyana. Na ce to, har ruwan hannuna ma ba za ta sha ba.

Ƙarfe sha biyu da kwata na fito babbar hanya. Motocin sojoji biyu suka wuce gabas a guje. Wani mai amalanken shanu ya tsaya. Ya dube mu, ya sauko ya kama ni na hau. Bai tambaye ni kome ba. A zaune na yi tafiyar, da ita a bayana. Shi kuwa salati yake ta yi ƙasa-ƙasa har muka shiga gari.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka isa gidan likita a Diffa. An shimfiɗa mutane a baranda. Wani majo, ma'aikacin jinya, ya zo da almakashi, don ƙullin zanen ya ƙi kwantuwa. Ya yanke. Mutum biyu suka ɓamɓare hannuwanta daga wuyana. Sun sandare.

Rami ɗaya ne, ƙarami, ƙarƙashin allon kafaɗarta ta dama. Harsashin bai fito ba. Da ya fito, cikin bayana zai shiga. Majo ya taɓa wuyanta, ya ja mayafinta ya rufe mata fuska.

"Ta daɗe," ya ce. "Allah ya ba ka haƙuri."

Bayan la'asar muka binne ta a Diffa, cikin baƙi. Falmata da yara sun iso bayan kwana biyu. Duk wanda ya zauna cikin kwalekwalen Kyari ya rayu. Cikin bakwai da suka sauko da maganata, uku sun mutu a layin masallaci. Inna ba ta cikin lissafin bakwai ɗin. Ita ba sauka ta yi ba, ɗauko ta na yi.

Ba mu koma ƙauyen ba. Falmata ba ta taɓa tayar mini da maganar mashigi ba, ko sau ɗaya. Ba kuma wanda ya sake kira na da wancan suna.

Agogon yana nan, yana aiki. Na san lokacin bugun farko. Na san lokacin da Bulama ya faɗi, da lokacin da Kyari ya juya jirgi. Tsakanin tara saura kwata da ɗaya da rabi, Inna tana manne da bayana, ba abin da ya raba mu sai riga. Na sha bin hanyar nan a zuciyata, daga kurmin goruba zuwa kududdufi, daga kududdufi zuwa babbar hanya. Har yau ban gano inda ta cika ba.