Gwaggo Mai Guga da Faifan da Ya Rage

Duk layinmu babu wanda bai san Gwaggo Mai Guga ba. Ƙanwar mahaifina ce, kuma tun ina rarrafe take tsaye gaban teburin nan da aka tokare ƙafarsa da bulo, tana goge kayan mutane. Kafiya gare ta ta fitar hankali. In ta ce kwalar riga ba ta kwanta ba, ko mai rigar zai makara wajen aiki sai ya jira.

Mijinta direba ne, mutum shiru-shiru. Mun dai ji ƙishin-ƙishin cewa da ƙuruciya ya kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa, amma ya ajiye tun kafin su haɗu, kuma ba ya son a tayar da zancen. Bayan rasuwarsa, tana kwashe kayansa, ta tarar da faifan garmaho biyu iri ɗaya a ƙasan akwati. Ga hotonsa a jikin kwalin cikin wasu samari, ya tara suma kamar ba shi ba.

Ɗaya ya ɗan lanƙwashe. To me za a yi tsammani daga macen da ta ƙare rayuwarta tana miƙar da abin da ya yamutse? Ta rufa masa tsumma mai danshi ta ɗora dutsen guga. Ko da ta ɗaga, faifan ya narke ya manne da tsumman. Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba a zaman makoki, ni kuma haushi ya hana ni rarrashinta.

Saura ɗaya ke nan. Ta ce sai ta ji kiɗan mijinta, kuma babu na'urar da za ta ci mata wannan.

Ni ta mayar 'yar rakiya wajen neman garmahon saye. A kantin farko wani saurayi ya buɗe mana wata jar na'ura mai kama da jakar tafiya, ya yi ta zuba mata kirari, sannan ya miƙo hannu.

“Mama, kawo faifan naki mu gwada.”

“Ɗan nan, a kan rigar mutane ake gwada zafin dutse?”

Ƙa'idarta ce ta aiki: dutse ba ya hawa kaya sai ya fara hawa tsumma. Saboda haka ta sa muka sayo tsofaffin faya-fayai wajen mai gwanjo, su ne tsumman gwajinta. Kowace na'ura sai an juya mata ɗaya an sake juyawa, ta ɗauko shi ta fita ƙofa ta karkata shi a rana. Allurar jar nan ta bar wani farin ƙarce a zagaye. Gwaggo ta ajiye wa saurayin kayansa ba ko sallama. Kunya ta kama ni, na ce ta saya kawai mu huta. Ta harare ni ta wuce gaba.

Mun gama gari kafin mu faɗa shagon wani dattijo mai gyaran rediyo. Tasa na'urar tsohuwa ce, ba ƙyalli, murfin ma ya tsage. Shi ya nuna mata wani ƙarfe a bayan hannun da ke ɗauke da allura, ya ce da shi ake daidaita nauyi don kada allurar ta yi wa faifai noma. Ta ɗora hannun a yatsarta ta ji ba ya danna ta. Duk da haka ta ƙi ɗauka sai da ya sauya allura da robar da ke juya farantin, ya haɗa mata lasifika biyu. Makonni muka yi muna sintiri, dattijon har ya fara ce mata sufeto.

Ranar da ta yarda, da la'asar ta zare wayar dutsen guga, ta ture kayan mutane gefe, ta wanke hannu. Allura ta sauka, aka ɗan yi ƙaras-ƙaras, sai kiɗa ya cika ɗakin. Daɗi ya kama ni har na fara kaɗa kai.

Ita kuwa fuskarta ta sauya. Jita biyu ne a cikin kiɗan, ɗaya a lasifikar hagu, ɗaya a ta dama. Muka juya kwalin ciki da baya, babu inda aka faɗi wanda ya kaɗa wacce.

“Duk zaman da muka yi,” in ji ta a hankali, “ashe ban san hannunsa ba.”

Tausayinta ya kama ni. Na ce ta bar shi haka, ai ko wacce ce yana ciki. Ta ɗaga hannun allurar a tsanake ta mayar da shi farko, ta ja kujerarta kusa da lasifikar hagu.

“Ki yi mini shiru,” ta ce. “Yau wannan zan saurara. Gobe waccan.”