Kushewar da Na'iya Ya Gina wa Atu

Duk wanda ya mutu a unguwarmu ta Tambuwal, Na'iya ne ke gina mai kushewa. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, na kuma san shi da taurin kai. Ba ya yarda wani ya riƙe magini, abin haƙar ramin, sai shi. In ya shiga rami ya juya fuskar mamaci gabas, sai ya sake dubawa kamar mai auna gero.

Da, soja ne. Shekarar da aka ba mu mulkin kai, zamanin Jihar Arewa, aka kwashe su zuwa Kwango rabon faɗa. Ya dawo da ɗingishi, bakinsa kuma ya mutu. In aka matsa mai da tambaya sai ya ce, "Mun tsaya tsakanin mutanen da ba mu san mi ya haɗa su ba." Iyakar labarin ke nan.

Shi ya sa ranar da ɗansa Atu ya ce soja za shi, Na'iya ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Yaro dogo, ga gona ga shanun noma, amma ina! Ya tafi.

Aka wayi gari soja ke mulki, rediyo na ta cika baki, wai mu ne babban wa a Afirka ta Yamma, mu za mu kashe wutar Laberiya. Kai jama'a! Kananzir ya gagare mu a Tambuwal, amma mu ne masu kashe gobarar gidan wani. Aka saka su Atu a jirgin ruwa.

Bayan kaka wani soja ɗan Kebbe, abokin Atu, ya yi sallama a zauren Na'iya. Ina nan zaune. Ya sunkuyar da kai ya ce Atu ya cika. Na'iya ya yi salati, bai tambayi wanda ya harbe shi ba, bai tambayi haƙƙinsa ba.

"Wa ya gina mai?"

Sojan ya kau da kai.

"Ɗana, kai nika tambaya. An juya shi gabas?"

"Baba, wuta aka buɗe muna, gudu muke. Ganyen ayaba muka lulluɓa mai a bakin hanya."

"Ganye," in ji Na'iya.

Ya tafi wurin liman a yi wa yaron salla ko ba gawa. Liman ya ce, "Malam Na'iya, a karatunmu ba a sallar gawar da ba ta nan. Addu'a za mu yi." Gaskiya ya faɗa, amma ni ranar har haushin limamin na ji.

Washegari Na'iya ya saɓa magini ya nufi maƙabarta. Ya gina kushewa doguwa, daidai tsawon Atu, ya gyara ta tsaf, ya bar ta buɗe. Aka yi ta magana, wasu suka ce tsohon ya taɓu. Na ce da shi, "Haba Na'iya, rufe ramin nan, mi za ka sa ciki?" Ya ce in kula da gabana. Duk safiya yana zuwa ya kwashe yashin da ya zuba ciki.

Kusa da damina wata motar goro ta kife a hanyar Jega. Direban ya mutu, baƙo ne, aka yi cigiya ba a sami danginsa ba. Na'iya ya ce a kawo shi. Shi ya yi mai wanka, aka sallace shi, ya shiga ramin nan da ƙafarsa mai ciwo ya karɓe shi, ya juya shi gabas a hankali.

A hanyar gida na ce bari in sanyaya mai rai. Na ce, "Allah ya ba ka lada, ka yi wa ɗan wani gata."

Ya tsaya ya sauya maginin zuwa ɗaya kafaɗar. "Na yi wa na wani," ya ce. "Nawa dai yana bakin hanya."