Guɗar da na yi wa Baba a Deptford

Ko da zan manta komai na zamana a Landan, ban da ranar da na rangaɗa guɗa a tsakiyar Turawa.

A unguwar Catford muke lokacin, flat ɗinmu na ƙarƙashin na wani dattijo ɗan Jos, Baba muke ce masa. Tun yana saurayi ya zo ƙasar nan, kuma bai san wata sana'a ba sai kaɗa piyano, kiɗan jazz, shi ke tsara abinsa da kansa. Ni da kiɗan nan kuwa sai a hankali, ji nake kamar mutum ya ɓata hanya yana lalube. Amma ina son tsohon nan. In na kai masa tuwo sai ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka."

Ana nan sai shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun hagu ya yi nauyi. Shekara guda ina jiyo shi daga sama, wuri ɗaya a kiɗan yake ta maimaitawa har in gaji. Da abokansa suka shirya masa wasa a wani ƙaramin zaure a unguwar Deptford, ranar Lahadi da la'asar, ya ce min, "In hannun nan ya kunyata ni, na bar kiɗa. Piyanon ma a ba wata makaranta."

Na je. Zaure tsit, ko tari babu mai yi. Ya fara lafiya lau, can tsakiya sai ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauka an gama, kuma a garinmu gwani ba ya gamawa a yi masa shiru. Na kama hanci na saki guɗa. Kowa ya waiwayo. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baba ya ɗago yana dariya, har kafaɗunsa na rawa. Sai ya kwaikwayi guɗar da hannun dama a kan piyano. Ya sake. A na uku, hannun hagu ya biyo baya, ya kai kiɗan har ƙarshe.

Da aka tashi na je ba shi haƙuri. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ai ban gama ba, 'yata, hannun ne ya ƙi. Rabona da guɗa tun ta mahaifiyata, ranar da zan bar gida."

Piyanon nan bai je makaranta ba sai bayan rasuwarsa. Tun daga ranar guɗar nan na daina jiran mutum ya kai ƙarshe kafin in yaba masa, don wani yabon shi ke kai shi.