Ramukan Yaya a Watan Zuhal

Akwai wani hantsi a gidana na unguwar Dagmanet da ba zai fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwanci. Na yi yawo gwargwado a rayuwata. Shekaru da dama ina jan katkat, motar nan mai ratsa rairayi, ina kai Turawa ƴan yawon buɗe ido cikin duwatsun Ayar da hamadar Tenere, ina yi musu tafinta. Na kwana Tamanrasset, na sha shayi a Sabha da Tumbutu, na ga teku a Marsai. Ina jin Faransanci da Tamashek da Larabci daidai gwargwado. Duk da haka, abin da ya fi tsaya mini ya faru ne a kan tabarma, taku biyar daga ƙofar ɗakina, kuma hoto ne sanadinsa.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Ta yi aure a Tegidda-n-Tesum, ta shafe fiye da shekara arba'in tana aikin gishiri. Wanda bai taɓa zuwa ba, wurin fili ne cike da ramuka zagayayyu, ɗaya jikin ɗaya. Ana jiƙa ƙasa mai gishiri a manyan, a kwashe ruwan a zuba a ƙanana, rana ta shanye, mata su kankare abin da ya rage. Kowane rami da launinsa, kuma kowane da mai shi.

Da mijinta ya rasu, gwiwoyinta kuma suka fara ba ta wahala, na je na ɗauko ta. Na ce nan kusa da likita ne. Na ba ta ɗaki mai fanka, maiɗakina tana dama mata fura da cuku da dabino yadda take so. Ta yi godiya, ta sa albarka. Sai dai kowace Juma'a, in na dawo daga masallaci, takan ce, "Auta, yaushe za mu?" Ni kuma in ce bari damina ta wuce. Ta wuce, in ce bari sanyi ya ragu. Ya ragu, in ce motar tana gareji. Gaskiyar ita ce ban da niyyar mayar da ita. Ina gudun a ce wane, da duk zagayen duniyar da ya yi, ya bar yayarsa tana rarrafe a bakin ramin gishiri. A lokacin ina kiran wannan kulawa.

Kafin shekara ta zagayo, ƙwaryar furarta ta fara dawowa da rabi, daga baya ko ludayi uku ba ta sha. Likita ya duba, ya ce bai ga ciwo ba. Ta daina ma tambayata ranar Juma'a, ni kuma, don wauta, na ɗauka ta haƙura ne.

Ana cikin haka wani tsohon baƙona Bafaranshe, wanda na taɓa kai wa Tenere, ya aiko mini da mujalla ta gidan waya. Rabinta hotuna ne da wani kumbo ya ɗauko na duniyar Zuhal, wata ƙatuwar duniya mai zobba kewaye da cikinta, da watanni da yawa suna zagaya ta. Na baje ta a tabarma da hantsi, ina sha'awar kaina, ina bayani.

Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Wannan ai ƙwarya ce aka zura cikin faifai." Da na ce mata watanninta sun fi a ƙirga da yatsu, sai ta ce, "To su da wanne suke ɗaukar azumi?" Na yi dariya na ce babu mutane a can. Ta ce Allah ya hutar da limaminsu, ta koma madafa.

Yaya tana jingine da bango har na buɗe wani shafi. Hoton wani ƙaramin wata ne, ba zagayayye sosai ba, launin ƙasa, jikinsa duk ramuka manne da juna, gindin kowane da duhu kamar ruwa ya kwanta. Sai na ga ta miƙo hannu. Ta jawo mujallar kan cinyarta, ta kawo fuskarta kusa. Rabon da in ga idonta a buɗe haka, na manta.

"Wa ya hau sama ya ɗauko Tegidda?" in ji ta.

Kafin in yi magana ta ɗora yatsa. "Ga manyan nan na jiƙo. Ga hanyar da muke bi da tulu. Waɗannan huɗun na gefe nawa ne, wannan mai tsagewar baki uwar mijina ta bar mini. Duba, har yanzu ba a gyara shi ba."

Na kai Turawa Tegidda ba sau ɗaya ba. Na tsaya a kan tudu ina zuba musu Faransanci a kan yadda ake gishiri, ina gwada shi da kantun Bilma da allunan gishirin da na gani a Tumbutu, ita kuma tana can ƙasa cikin matan da ake ɗauka hoto. Ban taɓa sauka na ce ta nuna mini nata ba. Ran nan na fara jin cewa huɗu ne.

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma bakin tafinta ba ya ganin kuskure ya wuce. Na ce, "Yaya, ba Tegidda ba ne. Wani wata ne can sama, nesa ƙwarai. Duwatsu ne suka faɗo masa suka yi ramukan. Babu wanda ya haƙa."

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, "Ba kowa?"

"Ba kowa."

"Ramuka haka, ba mai kankara." Ta rufe mujallar a hankali, ta tura mini, ta juya fuskarta bango. Ranar ko ruwa sai da maiɗakina ta yi ta lallashi. Da la'asar maiɗakin tawa ta same ni a zaure ta ce, "Malam, da ka bar mata ramukanta, me zai ragu a iliminka?"

Kashegari da safe Yaya da kanta ta aiko a kira ni, ta ce in zo da takardar. Na ɗauka hoton jiya take so, har na shirya in ce na sake dubawa, Tegidda ne. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Kar ka yi mini ƙarya, na tsufa da ita. Karanta mini abin da suka rubuta. Me suka je nema?"

Na juya shafi. Akwai hoton wani watan, fari fat, da wani abu kamar hayaƙi yana tashi daga ƙasansa. Na riƙa karanta Faransancin ina juya mata. Na ce saman watan ƙanƙara ce, a ƙarƙashinta kuma akwai ruwa. Ruwan yana fesowa ta tsagogi, wani ya koma ya zuba, wani ya tafi ya shiga ɗaya daga zobban uwar duniyar. Sai na kai wata kalma na tsaya, don ni kaina ban lura da ita jiya ba.

"Me ya tsayar da kai?"

"Sun ce ruwan da gishiri."

Ta gyara zama. "Wa ya ɗanɗana?"

Na ce kumbon ne ya ratsa ta cikin feshin, yana da na'urar da ke gane abin da ya taɓa ta.

"Ja ne ko fari? Na dabba ne ko na miya?"

Na ce ba su faɗa ba. Ta yi tsaki kaɗan, irin na gwani in ya ga aikin koyo. Sannan ta tambaye ni kwana nawa ƙarfen ya yi a hanya. Na duba, na ce kusan shekara bakwai.

Ta jinjina kai. Ta dube ni yadda take dubana ina yaro in na ɓoye abu a bayana.

"Auta, mutanen nan sun aiki ƙarfe tafiyar shekara bakwai don ya ɗanɗano musu gishirin da ba na ubansu ba. Nawa yini ɗaya ne a motarka."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Na tashi na tafi gareji.

Bayan kwana uku muka kama hanyar In-Gall, na shimfiɗa mata katifa a bayan katkat. Mun isa rana ta karkata. Daga kan tudu na duba filin, kuma wallahi ban ga laifin idonta ba. Matan da ke aiki suka gane ta, suka ajiye ƙore suka taho. Biyu suka riƙe ta har bakin ramin nan mai tsagewar baki. Ta zauna a ƙasa, ta tsoma yatsa, ta kai baki, ta yamutsa fuska.

"Wa ya riƙe mini wannan? An cika masa ruwa."

Matan suka fashe da dariya, wata ta ce, "Inna ta dawo, hutunmu ya ƙare." A yammacin nan ta shanye ƙwaryar fura, ta ce a ƙaro.

Na bar ta a hannun ƴar mijinta, ina zuwa duk wata da magungunan gwiwa. Ba ta ƙara kankarar gishiri da hannunta ba, sai dai ta zauna a inuwa tana faɗa. Ta yi rani biyu a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, aka rufe ta kusa da mijinta. Mujallar ta ce in bar mata, kuma an gaya mini duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa ramukanta na sama.

Na yi rayuwata ina juya maganar mutane daga wani harshe zuwa wani, ina ganin na iya ji. Yayata ta yi shekara tana gaya mini abu ɗaya da Hausar da muka sha a nono, ban ji ba, sai da hoto ya zo daga bayan duniya. Tun daga nan, in tsoho ya yi kuskure a gabana, ba na saurin gyara masa. Nakan tsaya in duba abin da yake nunawa da yatsa, don sau da yawa a nan ne gaskiyar da ya gaji da faɗa take.