Ranar da Kafur ta Kwanta

Wata Juma'a ce a farkon sanyi, shekarar da na shiga aji uku, aka kece da ruwan sama a Sabha. Mu yaran unguwar Hajara da aka haifa a nan, a famfo muka san ruwa, sai kuma a bakin iyayenmu in suna hirar Damagaram. Muka fito ba riga ba takalmi, muna ihu, muna tara baki sama, Inna tana dariya tana jera robobi a ƙarƙashin indararo.

A ƙofar gidanmu akwai doguwar bishiyar turare, wadda Larabawa ke ce wa kafur. A inuwarta wani tsohon tela, Baba Illa, ya kafa keken ɗinkinsa, yana yi wa direbobi da 'yan ci-rani faci. Ba shi da shago, ba shi da kowa a garin. Mu kuwa gata muka yi wa bishiyar har ya yi mata yawa. Kullum ruwan wanki da na alwala a gindinta muke juyewa, yadda aka saba a gida, don haka saiwarta ba ta taɓa wahalar nutsawa neman ruwa ba, ta baje abinta sama-sama cikin yashi. Da ruwan ya jiƙa yashin ya koma kamar kunu, iska ta taso, sai bishiyar ta kwanta a hankali ta danne keken. Allah ya sa mai shi yana masallaci.

Mu muka fara isa. Muka haye kututturen muka mai da shi mota, ni ne ma direba, ina ta kiran "Agadas! Agadas!" Baba Illa ya zo ya tsuguna yana tsince zarensa daga cikin laka. Da babana ya daka mana tsawa, sai tsohon ya ce, "Ƙyale su, Malam. Ba su taɓa ganin ruwa ba."

Keken bai gyaru ba. Kafin sanyi ya fita Baba Illa ya bi motar masu zuwa Tarabulus, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Itacen kuwa mu muka faskare, Inna ta yi ta girki da shi, muna zagaye da murhu muna jin ɗumi.

Yanzu an shafe ƙofar gidan da siminti, yarana a ɗaki suke wasa. In suka tambaye ni ranar da na fi jin daɗi ina yaro, wannan Juma'ar ce ke fara faɗo mini a rai, sai kunya ta rufe ni. Na sha ƙoƙarin in tuna ta da baƙin ciki, ko don tsohon. Har yau na kasa.