Shekarar da Maiwa Ta Ƙi Fidda Kai

Wata safiyar Talata a damunar 1984, ina 'yar aji uku, na tsinci kaina a gonarmu ta bayan Tamawa da ƙoƙon iri a hannu, muna shuka karo na uku. Babanmu na gaba yana sara da sungumi, ni da yayana Sale muna bin sa, mu jefa ƙwayoyin gero a rami mu rufe da diddige. Shukar farko ta fito har ta yi ganye, ruwa ya ɗauke, ta ƙone a tsaye. Ta biyu kuwa tururuwa da tsuntsaye suka tone ta tun ba ta tsiro ba. Kafin rana ta ɗaga ƙasa ta fara ƙona mana tafin ƙafa.

Irin da ke cikin ƙoƙona baƙo ne. Babanmu ya samo shi a kasuwar Dutsin-Ma wurin wani mutumin Maraɗi, gajeren gero mai nuna da wuri. Mu kuwa gidanmu gidan maiwa ne, doguwar nan mai jan lokaci, wadda sai ruwan ƙarshen damuna take fidda kai. Kakanmu Malam Ilu, mahaifin Babanmu, da kansa yake zaɓar zangarniyar iri duk kaka ya rataye a rumbunsa. A waccan shekara ɗan dami ɗaya ya rage mashi. Na ji su a zaure ina kai masu ruwa, Babanmu na durƙushe yana cewa, "Baba, a yi haƙuri a ajiye ta sai baɗi. Damunar bana ba ta kai ta." Kaka ya ce, "Gonar nan maiwa ta sani. Ni ba ni cin abin da ban san ubansa ba." Aka raba gona biyu, Kaka ya zuba irinsa kaf a gefen gabas.

Watannin da suka biyo baya gajiya kawai nake iya tunawa. Mu tashi mu ɗebo ruwa a rijiyar da guga ke dawowa da laka, mu tafi makaranta inda rabin aji ya watse, wasu sun bi iyayensu kudu. Da an tashi sai daji, tsinkar tafasa da yaɗiya, Inna ta kwaɗanta da ɗan ƙuli mu ci mu sha ruwa. Dandalin da muke gaɗa da carafke ya koma wurin kwanciyar awaki. An fita roƙon ruwa, mu yara muna gaba, muka dawo da ƙishirwa. Hadari kan haɗo daga gabas ya yi baƙi, mata su jera tukwane, iska ta zo ta kwashe shi.

Gajeren geron ya nuna, ba wani abin kirki ba, 'yan dammunan da jaki ya kwaso ba tare da ya wahala ba. Maiwar Kaka ta yi tsawo, ta yi kore shar, tana jiran ruwan da bai zo ba, har ta bushe ko kai ɗaya ba ta fidda ba. Shi da kansa ya ɗauki lauje ya yanke ta ya zuba wa awaki, ya hana kowa taya shi. Ranar da Inna ta dama furar sabon geron, ya karɓa ya sha, ya miƙo ƙwaryar ya ce, "Ta cika ciki." Bai ƙara taka gona ba har Allah ya yi mashi rasuwa, irin nan nasa kuma ya tafi ke nan.

Daga nan noman gidanmu ya canza, aikinmu ya ninku. Babanmu ya daina sare 'ya'yan gawo da sabara idan ana sharar gona, ya bar kara a kwance don ƙasa ta riƙe laima. Duk rani muna bayan jaki da mangalar taki. Ya riƙa sa wake tsakanin gero, yana cewa, "In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya tuna da mu." Ba mu yi arziki ba, amma ba mu ƙara kwana da tafasa zalla ba.

Yanzu Sale ke riƙe da gonar, 'ya'yan gawon nan sun zama manya. In na kira shi daga Katsina na tambayi damuna, sai ya ce ruwa ya zo a yini ɗaya ya wanke kunyoyin shuka, sannan ya ɗauke. 'Ya'yansa sun iya duba hasashen ruwa a waya, amma ba su taɓa ganin manomi ya yi shuka ya koma gida hankalinsa kwance ba. Ni na gani, kafin waccan shekara, sai dai ina ƙarama ƙwarai ban san abin kallo ba ne.