Ranar da Aka Daɓe Siminti a Zakka

A ɗakin kakata Safiyyatu da ke Zakka, idan an naɗe tabarma za a yi shara, ƙasan ja ne kamar na kowane tsohon ɗaki. Amma akwai wasu ɓarɓashi masu ruwan toka da suka nutse a cikinsa, wani ya kai ƙwayar gyaɗa, wani bai kai ba. 'Yan gidan sun ɗauka tsakuwa ce. Ni dai na ga tsakuwa ba ta yin fuska a shafe haka, sai wata rana na tambaye ta. Ta ajiye zogalen da take tsinka, ta yi dariya ta ce, "Wannan ai simintin kakanki ne. Uwarshi ta daɓe shi."

Uwar tasa ita ce Baiwa. Ban riske ta ba. Abin da na sani game da ita daga bakin kakata na ji, ita kuma wani ta gani da idonta, wani matan unguwa suka ba ta labari bayan ta tare.

An haifi Baiwa a wani ƙauye bayan Ruma, gefen daji, cikin dangin da a lokacin ba su shiga Musulunci ba. Ta musulunta, ta auri Ɗantsoho, wani manomi a Zakka. A garin, kafin a kawo amarya matan unguwa ne ke taruwa su daɓe mata ɗaki. A zuba burji, a yayyafa ruwa, a durƙusa a jere ana bugu da madaɓi ana waƙa. Kashegari a sake yayyafa ruwa a sake bugu, haka haka har ƙasa ta daina tsagewa, sannan a shafe ta da ruwan makuba. Matar da ta daɓe miki ɗaki ta zama taki. Ita za ta leƙo idan ba ta ji dakanki da safe ba, ita za ta hura wutar ruwan wanka ranar da kika haihu.

Ranar daɓen ɗakin Baiwa mata kaɗan ne suka zo. Ba wanda ya faɗa mata magana marar daɗi. Amma da ta haifi ɗanta na fari, waɗannan kaɗan ɗin dai su ta gani a kanta.

Tun daga nan ba a yi daɓe a Zakka babu ita ba, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba. A hankali ta zama ita ake fara aika wa goro. Da kunne take aikin. Ta buga sau ɗaya ta saurara, ta san ko ƙasa ta sha ruwa ko da saura. Gwiwoyinta suka yi kanta, bayanta ya ranƙwafa tun ba ta tsufa ba.

Ɗan nan nata na fari shi ne Gagare, kakana. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana ido da ido. Idan tana da saƙo sai ta faɗa wa Atika, ƙanwar mijinta, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar Ɗantsoho, ko da kuwa shi yana tsaye a wurin yana ji.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, Gagare ya riƙa tafiya aikin hanya na En'e da rani, wajen Safana. Can ya ga wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe da ake cikawa da ruwa, leburori na janta tana danne burji. Can kuma ya zama ɗan aiken wani magini mai yin kwalbati, ya koyi kwaɓa siminti da shafe shi da cokalin gini har ya yi santsi. Da aka sa ranar aurensa da Safiyyatu, ɗiyar wani malami a Batsari wadda ba ta da kowa a Zakka, sai ya sayar da gyaɗarsa ya dawo da siminti a bayan jaki.

"Gwaggo," ya ce da Atika, Baiwa na gefe tana tankaɗe, "ki faɗa ma Inna bana ta huta. Ɗakin nan siminti zan sa mashi. Ba sai an tara mata suna karya bayansu ba."

"Au, kai ne za ka durƙusa ka yi waƙar?" in ji Atika. "Matar yaya, kin ji mai gidan gobe. Ya ce tokar Turawa ta fi hannunki."

"Ni ban ce haka ba, Gwaggo."

Baiwa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki ce mashi Allah shi sa alheri."

Magana ba ta kwana ba ta kai bakin rijiya. Shafa'atu, wata dattijuwa maƙwabciyarsu wadda tana cikin kaɗan ɗin da suka daɓe wa Baiwa ɗaki, ta tare ta tana jan guga. "Mun ji an ce ɗiyar malamai ba ta taka ƙasar da muka buga. To, madalla. Ran da ta haihu sai simintin ya dafa mata ruwa." Cikin raha ta faɗa, sauran matan suka yi dariya, Baiwa kuwa ta ɗauki tulunta ta dawo gida. Ta san yadda irin wannan dariyar ke ƙarewa.

Gagare ya kwaɓa simintinsa da yashi, ya shimfiɗa shi siriri don ya isa ɗakin, ya bi shi da cokali har sai da ya ga hasken ƙofa a kansa. Da la'asar aka aiko cewa heluma, shugaban leburorinsu, na nemansa a wajen aiki. Yana ɗaura kaya ya ce, "Gwaggo, a riƙa yayyafa mashi ruwa safe da yamma, kar a bari ya bushe har in dawo."

Abin da ya faɗa ke nan, haka kuma Atika ta isar, ba ta ƙara ba ta rage ba. Amma a duk rayuwar Baiwa ba ta taɓa ganin ƙasan ɗakin da ake yayyafa wa ruwa safe da yamma don kawai ya sha ba. Ana jiƙa ƙasa ne don a buge ta. Sai ta ɗauka yaron ya gane, kunya ce ta hana shi faɗa, ya yi nasa ya bar wa mata nasu. Kakata ta ce a ranar an ji Baiwa tana 'yar waƙa a madafa, abin da ba ta saba ba. Kafin magariba goro ya zaga unguwa.

Da hantsi matan suka cika gidan, kowa da madaɓinta. Suka leƙa, suka shafa ƙasan da tafin hannu, suka ce lallai abin da kyau, saura bugu. Aka yayyafa ruwa, aka durƙusa a jere, Shafa'atu ta ɗauko waƙa tana zolayar ango, sauran suna amsawa.

Bugun farko Baiwa ta ji ƙarar ba ita ba ce. Ƙasa mai karɓar madaɓi tana amsawa ne daga ciki. Wannan kuwa ƙara ce busasshiya, kamar an taka sakaina. Ta kalli matan nan sun cika ɗakin amaryar da ba su taɓa gani ba, suna dariya, sai ta ce wa ranta wataƙila haka siminti yake, idan ya ji bugu zai haɗe. A daɓe ai tsaga ba abin tsoro ba ce, bugu ke rufe ta. Suna bugu tsagar na ƙaruwa, su kuma suna ƙara ƙarfi. Sai da wani ɓangare ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa cinyar Atika, sannan Baiwa ta ɗaga hannu. Waƙa ta tsaya. Daga ƙofa har bangon ƙurya, ƙasan ya zama kamar fasasshiyar tukunya.

Ɗaya bayan ɗaya matan suka zame, ko furar da aka dama masu ba su tsaya sha ba. Kwanakin da suka biyo baya ba wadda ta shigo ko ɗibar wuta. A rijiya, in sun hango Baiwa sai kowa ta duƙufa kan gugarta. Da farko fushi ne ya raba su da gidan, yanzu kuma kunya, ga biki ya matso.

Da Gagare ya dawo ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin. Ya tsuguna ya ɗauki ɓallen siminti ya juya shi, ga shatar madaɓi a kai.

"Gwaggo, ruwa na ce."

"Ruwan muka zuba, ɗan nan. Sai dai mun ɗan ƙara da abin da muka iya."

"Wa ya ce a buga?"

Atika ta buɗe baki, sai Baiwa ta riga ta. Ba ta kalle shi ba, bango ta kalla, amma da shi take, kuma shi ne karo na farko da ta yi haka tun yana goye.

"Ni na kira su. Yarinyar nan ba ta da uwa a garin nan, ba ta da ya. In ba su shiga ɗakin da gwiwarsu ba, ba za su shige shi da ƙafarsu ba. Ni na san haka."

Gagare ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yadda bayanki ya ranƙwafa na duba, Inna."

Washegari ya ɗauki goro ya yi sallama a gidan Shafa'atu. Ta fito tana gyara mayafi, tana kallon gefe.

"Maigidana, in ƙara ka kawo, wallahi madaɓina aro ne."

"Ƙara na kawo, Iya. Kun fara aiki kun gudu kun bar shi. Haka ake yi a garin nan?"

Ta dube shi, ta ga goron, sai ta fashe da dariya. "Kai dai ka ji tsoron Allah. Tokar taka ce ba ta da ƙashi. Mu da muke buga burji?"

"To ku zo ku buga burjin. Ni zan ɗauko."

Ya ɗauko burjin a jaki. Fasasshen simintin ma bai zubar ba, ya farfasa shi ƙanana ya gauraya a ciki. Sannan ya je wurin masassaƙi aka yanko masa gungumen kirya, aka daidaita gindinsa ya yi faɗi, aka sa masa doguwar ƙota, irin wanda ya ga ana danne ƙasa da shi a gefen kwalbati inda gangar nan ba ta shiga. A tsaye ake aiki da shi. Ya jingine shi a bakin ɗakin, ya ce da Atika ta faɗa wa Inna ga wannan.

Matan suka dawo, har da waɗanda ba su zo karon farko ba, don kowa na son ganin ɗakin. Suka yi ta yi wa gungumen tsiya, wai taɓarya ce ta ci ta ƙoshi. Baiwa ta ɗaga shi ta saki, ta saurara. Ta matsa gaba ta sake saki. Ta zaga ɗakin a tsaye tana danne burjin, matan na biye da ita a durƙushe da madaɓai suna lallashin fuskarsa. Aikin da kan ci kwanaki ya ragu sosai. Daga baya har daga Safana an riƙa aiko aron abin, ana kiransa taɓaryar Gagare. Ɗan simintin da ya rage a gindin buhu kuwa, da shi ya shafe wurin ajiye randa. Ya ce a zuba masa ruwa, Shafa'atu ta ce ta rantse ko kallonsa ba za ta yi ba.

Kakata ta ce safiyar farko da ta kwana a gidan, tana zaune a lulluɓe, ba ta san kowa ba, sai ta ji mata sun turo ƙofa suna surutu. Wata tsohuwa ta doka diddige a ƙasa ta ce, "Amarya, nan wurin ni na buga maki, sau biyu ma. In kin ga ya lotsa, ki aiko gidan Shafa'atu." Wata ta ce nata wajen gado ne, wata ta ce ƙarya take, ranar ma fura ta zo sha. Suka zauna suna ba ta labarin simintin, kowa na ɗora wa 'yar'uwarta laifi, har ta manta ita amarya ce ta yi dariya a cikin mayafi.

Ta ce ta hangi ƙafafun surukarta a bakin ƙofa. Baiwa ba ta shigo ba. Ta ɗan tsaya tana jin hayaniyar, sannan ta juya ta ɗauki ƙwaryar dusa ta nufi wurin awaki.